In rumbu ya ƙare, aji ma sai ya watse: tarihin yunwa da karatun yara a Damagaram



Ranar Talatar da ta wuce, bayan mun rufe shiri, wani mushe da ke koyarwa a wani ƙauye arewa da Tanut ya kira ni a waya. Ya ce da gangan ya ƙi kira lokacin da muke kan iska, don kada a ce ya tona asirin garin da ya ba shi masauki. Maganarsa gajera ce. Tun shigowar watan Fabrairu, in ya kira suna da safe, akwai sunayen da ba mai amsawa. Ya bi sawu, ya tarar da gidaje an ja ƙyaure an ɗaure da igiya, mutanen sun yi kudu. Yaran da suka rage kuma, da ƙarfe 11 ta yi sai ka ga kawuna bisa tebur, ko tambaya ka yi ba mai ɗaga hannu.

Na yi mishi alkawarin zan rubuta, tunda minti 30 na rediyo ba su ɗaukar wannan magana. Kuma ina so in fara daga baya can, domin abin da mushen nan yake gani a kilas ɗinsa ya girmi kakansa.

Masarautar Damagaram malami ne ya kafa ta, Malam Yunus, wajen 1731. Lokacin Sarki Tanimun, wanda ya gina garun Birni kuma ya rasu a 1884, Zinder ta zama mahaɗar ayarin Tarabulus da na Kano da na Kukawa. Amma ƙarfin nan duka bisa gero yake zaune. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya ratsa Damargu a farkon 1851, ya bayyana ta a matsayin rumbun da ke ciyar da Azbin. Ayarin gishiri ma da gero yake tafiya Bilma da Fashi, ya sauke, ya ɗauko gishiri da dabino. Mai hali a wancan zamani shi ne wanda ke da hatsin bara da na bara waccan a ajiye, bai taɓa ba. Kada mu yi wa tarihi kwalliya dai: da yawa daga cikin manyan rumbunan nan gumin bayi ne ya cika su, da ganimar yaƙi. Wannan ma namu ne, ba mu iya ajiye shi gefe.

Abin da nake so ku duba shi ne yadda karatu yake tafiya a lokacin. Makarantar allo ta san rumbu, da shi take lissafi. Da damina almajirai suna gona, tasu ko ta malam, karatu sai da asuba da dare a bakin wuta. In an yi kaka an fid da zakka, dami ɗaya cikin goma, malam na da rabonsa. Sannan ya kwashi yaransa su tafi ci rani inda aka samu albarka, kuma a garin da suka sauka kowace uwar gida ta san akwai ɗan ƙoƙon da za ta zuba wa tuwo da dare. Tsarin ya lalace yanzu, duk muna ganin yaran da ke yawo da roba a bakin Kasuwar Dole da tasha, ba na kare wannan. Amma waɗanda suka shimfiɗa shi tun farko sun yi wa cikin yaro tanadi kafin su miƙa mishi allo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, sun san haka.

Sai Nasara ya zo. An kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, sojan Faransa suka ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa a wannan shekara. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin ƙasar, kafin a mai da shi Yamai. A cikin waɗannan shekaru abubuwa biyu suka karya wa talaka ƙugu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya mutu, masu raƙuma da dillalan Zango suka rasa abin yi. Ga kuma lanho, wanda kumandan ke so a biya da kuɗin Nasara. Manomin da ba ya da kuɗi, ina zai samo su in ba ya buɗe rumbu ya kai kasuwa ba? Hatsin da a da ake ɓoyewa don baƙar shekara, shi aka riƙa saidawa don a sallami gardi.

Da ruwa ya ƙi a daminar 1913, rumbuna ba su da kauri. Yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Hausawa suka sa wa suna Kakalaba, Zabarmawa kuma Gande Beri. Mutane sun ci dusa da ƙarangiya, sun tona gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, garuruwa sun tashi ɗungum sun yi kudu. Masanin tarihi Stephen Baier, wanda ya rubuta tarihin tattalin arzikin Damagaram da Damargu, ya tsaya sosai a kan wannan shekara. A 1931 fara ta sake jefa ƙasar cikin wata yunwa, wadda ta fi tsanani a yamma, kuma ɗan garin nan, marigayi André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka tono labarinta. Bayanta ne Nasara ya tsananta dokar rumbun tsimi na dole: kowane gida ya zuba, a rufe, ba a buɗewa sai da izini. Dabarar ba ta da laifi a takarda. Mutane sun ƙi jininta don hatsinsu ne amma mabuɗin na hannun wani. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Lekol kuwa ta zo da kalandarta daga Faransa: a shiga Oktoba, a fita Yuni. Wani zai ce ai ya yi daidai, tunda hutu ya faɗo a damina, yara na iya taya noma. Haka ne a shekarar da aka samu. A shekarar da ba a samu ba, hatsin gida ba ya kai Yuni, wani ko Janairu ba ya kaiwa, wato rumbu na ƙarewa a tsakiyar shekarar karatu. Lekol ɗin ba ta da gona, ba ta da zakka, ba ta iya tashi ta bi mutane inda suka tafi. Nasaran da kansa ya gane haka a wuri ɗaya: da ya buɗe lekol ɗin makiyaya a shekarun 1940, sai da ya haɗa da tukunya, don ya san ɗan Buzu ko ɗan Fulani ba ya zama in iyayensa sun yi gaba da dabbobi. Ɗan manomi aka ɗauka kullum akwai tuwo a gidansu. Har yau ma, a ƙauyuka da yawa ajin kansa na kara ne, sai an yi girbi an samu kara da zana ake kafa shi. Shekarar da gero bai yi tsawo ba, har ajin sai ya yi latti.

Fari na 1968 zuwa 1974 zan wuce shi da sauri, dattawanmu sun fi ni sani. Dabbobi sun ƙare, gwamnatin Jori Hamani ta faɗi ranar 15 ga Afrilu 1974, kuma batun taimakon cimaka da bai kai ga talaka ba yana cikin dalilan da sojan Seyni Kunce suka bayar. A 1975 cuta ta kashe gyaɗa, wadda ita ce kuɗin hannun mutanen Magarya da Matamai. Ta 1984 kuma sunanta kaɗai darasi ne: El Buhari. Ba Janar Buhari ne ya hana ruwa ba, amma shi ya rufe iyakar Najeriya a watan Afrilu na 1984, ba a buɗe ba sai 1986. Talakan Damagaram ya saba in gona ta ƙi, ya gangara Daura ko Kano ya yi ƙwadago ya auno masara. Da aka toshe wannan hanya sai fari ya zama yunwa. Mutanenmu da suka raɗa mata sunan wanda ya rufe ƙofa, sun fahimci abin da masana suka zo suna rubutawa daga baya: yunwar ƙasar nan rabinta sama ce, rabinta kasuwa da iyaka.

Ta 2005 ita ce na gani da idona, ina kolej. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta bi ta arewa. A farkon 2005 aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 kan madara da sukari da garin alkama, ƙungiyoyin farar hula suka rufe garuruwa har gwamnati ta ja da baya. Hatsi ya yi tsada a Najeriya, ƴan kasuwa suka bi inda riba take, ya riƙa fita maimakon ya shigo. Kafin tsakiyar damina buhun gero ya haura jika 25 a kasuwanni da yawa. Hatsin na nan jibge a kasuwa, kowa na ganinsa, kuɗin saye ne babu. Gwamnati ta daɗe tana cewa a saida da rahusa, ba ta yarda da rabon kyauta ba sai da abin ya yi nisa. Shugaba Tanja Mamadu ya gaya wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar, a cikin watan Agustan da Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sauka nan Zinder ya je ya ga yara masu tamowa a gadon likita. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara.

Waɗannan an ƙirga su, an ɗauke su hoto, duniya ta gani. Akwai waɗanda ba su shiga lissafin kowa ba. Wanda muke zama tebur ɗaya da shi ɗan wani ƙauye ne ta wajen Mirya, an kawo shi birni don ya ci siziyam, yana zaune gidan wani ɗan garinsu. Kun san yadda abin yake: kolej ba ta kowane ƙauye, yaro sai ya samu mai masauki, uba kuma ya riƙa aiko da ƴan tiyoyi. A wannan shekara tiya ta daina zuwa. Mai masaukin ma da nasa ƴaƴan. Ba wanda ya kore shi, wallahi, sai dai ya lura in an zuba tuwo ana kallon hannunsa. Da rekire mu muna sayen ƙosai, shi yana fita bayan aji ya sha ruwa. A lissafi ya fi ni nesa ba kusa ba, ni nake kwafar nasa. Wata Litinin bayan hutun Maris bai zo ba, kayensa na cikin tebur har ƙarshen shekara. Na sake ganinsa bayan shekaru, yana tura ruwa a baro a Kano. Mun gaisa, ya tambaye ni ko har yanzu ina tsoron lissafi.

A takardar lekol, abin da aka rubuta gaban sunansa kalma ɗaya ce ta Faransanci mai nufin ya bar karatu. Ba a rubuta dalili. Shi ya sa muke da sunan kowace yunwa, muna da farashin buhu na kowane wata, amma in ka tambayi dattijo yara nawa El Buhari ta fitar daga aji a garinsu, sai dai ya fara lissafa maka da suna.

A 2010, bayan juyin mulkin Salu Jibo na 18 ga Fabrairu, hukuma ta fito ta amsa cewa kusan rabin al'ummar ƙasa na cikin matsalar cimaka. Wannan amsawa ita kanta ci gaba ce, taimako ya zo da wuri fiye da 2005. Duk da haka ƙauyukan Tanut da Gure sun zube, ajujuwa sun koma rabi. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne na Oktoban 2013, da aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, akasarinsu daga yankin Kance. Watan Oktoba fa, watan komawa lekol. Kance ba hamada ba ce, tana cikin inda ya fi samun ruwa a jahar nan, amma mutane sun yi yawa, gona ta tsattsage har ta kai wani abin da yake nomawa ba ya kai shi wata uku. Uwar da ta ɗauki ƴaƴanta ta nufi Tamanrasset bara, ta auna ne tsakanin ardwaz da tukunya. Kuna iya cewa ta yi kuskure, ni ma na ce. Amma ba wanda ya tare ta a ƙofar lekol da kwanon abinci.

Yunwa kuma sau biyu take shiga aji. Na farko shi ne wanda mushen Tanut ke gani yanzu: uba ya tafi bida Libiya ko wurin zinariyar Jado, yarinya an ɗora mata talla ko an aike ta daka a gidan masu hali, yaro ya tafi yankan haki da itace, ƴar siziyam da mai masauki ya gaji da ita an ce gara a yi mata aure. Na biyun ba ya da hayaniya, kuma sai bayan shekara shida ko bakwai yake isowa. Likitoci na cewa kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, nan ne ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa. Wanda ya rasa abinci mai gina jiki a wannan tsakani yana tsumburewa, kuma ba tsawo kaɗai yake rasawa ba. Ƙara da ƙarancin jini, ƙara da masassarar cizon sauro da ke zuwa daidai lokacin da rumbu ya fi zama wayam. Binciken da hukuma ke yi kan abincin yara ya sha nuna cewa a jahar Damagaram rabin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, ko fiye, sun tsumbure. Jaririn da aka auna wa hannu da ɗan zaren nan mai launi a 2005, shi ne ya shiga CI wajen 2011 ko 2012. Mushe ya yi ta maimaita mishi baƙi ɗaya, a ƙarshe a ce yaron daƙiƙi ne, har a sa mishi bulala.

Gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, ya nuna a Nijar ko ɗaya cikin goma na ƴan ajin ƙarshen firamare bai kai matakin da ake so a karatu ba. A na 2019 an tashi zuwa kusan uku cikin goma. Ba zan ɗora wa yunwa wannan duka ba. Akwai koyarwa da harshen da yaro bai taɓa ji a gida ba, akwai cunkoso, akwai malamin kwantaragi da kuɗinsa ke latti, wanda shi ma abin da ƙauyen ke ci shi yake ci. Amma ana taro a manyan otal a kan gyaran tsarin koyarwa, a yi kwana uku ba wanda ya tambayi ko yaron ya karya kumallo.

To me ke akwai a ƙasa? Akwai kantin. Gwamnati da hukumar PAM suna ciyar da yara a wasu makarantu, kunu da safe, abinci da rana, a na makiyaya har da na dare. Duk malamin da ya yi aiki a lekol mai kantin da marar kantin zai gaya maka bambancin ba ya buƙatar bincike: inda hayaƙi ke tashi a bayan aji, yara na zuwa, har da ƙannensu a goye. Ranar ciyar da ƴan makaranta ta Afirka ma, 1 ga Maris, a Yamai aka fara bikinta a 2016. Akwai kuma gidan kwanan ƴan mata na kolej da aka buɗe a Kelle, cikin Gure, wanda amsa ce kai tsaye ga matsalar mai masauki. Sai dai makarantun da ke da kantin ƴan kaɗan ne a kan waɗanda ba su da ita, kuma mafi yawan abin da ke cikin tukunyar daga waje yake zuwa. Ranar da furoje ya ƙare ko mota ta kasa isowa, a kife tukunya. Mun ga yadda iyaka ke yi mana: Buhari ya sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yulin 2023 ya sa shinkafa ta gagari mai albashi ma, balle manomi. A 2024 kuma ruwa ne ya yi yawa, har tsohon masallacin Birni ya faɗi, aka ɗage komawa lekol zuwa ƙarshen Oktoba don mutanen da gidajensu suka rushe na kwana a ajujuwa. A Oktoban 2024 ɗin ne kuma hukuma ta hana fitar da hatsi waje.

Ni ra'ayina, kuma na san akwai masu ja da ni, lekol ɗin ƙauye ba za ta zauna da gindinta ba sai ta samu rumbunta, kamar yadda makarantar allo ta taɓa samu. A shekarar albarka, lokacin da tiya ke arha har manomi na kuka, a lokacin ake cika shi: kowane gida tiya ɗaya ko biyu, magajin gari ya ƙara daga kasafin komin, masu zakkar hatsi su tuna da shi, ƴan garin da ke Kano da Legas da Agadas su aiko. Kada a taɓa shi sai Fabrairu. Wasu garuruwa na yin irin wannan da ƙungiyar iyaye mata, ba ni na ƙirƙiro ba. Kuma ba sai gero kaɗai ba: ga wake, ga zogale, ga anza da kakanninmu suka sha jiƙawa a baƙar shekara, wadda yanzu a nan Zinder ake sarrafa ta a saida a leda.

Inda abin ke mutuwa shi ne mabuɗi. Mun ga bankunan cimaka nawa da aka buɗe da kiɗa da jawabi, bayan shekara biyu sai ginin kaɗai da awaki a ciki? Rumbun Nasara ya mutu don mai hatsi ba shi ke riƙe da mabuɗi ba, namu kuma na mutuwa don mutum ɗaya ke riƙe da shi. In da ni ake shawara, kwaɗo uku za a sa: ɗaya wurin direkta, ɗaya wurin liman ko mai gari, ɗaya wurin matan da ƴaƴansu ke cin abincin, kuma a riƙa auna abin da ya rage a gaban jama'a ranar kasuwa. Matan nan su suka fi kowa sanin tiya nawa ke kai yaro Yuni.

Na gaya wa mushen wannan a waya. Ya yi dariya, ya ce shawarar ta yi, amma ta kaka ce, shi kuwa yanzu yana cikin rani. Abin da ya samu ya yi shi ne ya mai da darasin lissafi da na karatu farkon safiya, kafin cikin yara ya fara kuka, ya bar waƙa da zane zuwa hantsi. Matarsa kuma na dama kunu a babbar tukunya ranar Litinin da Alhamis, daga nasu buhun. Ya ce bayan hutun ƙarshen Maris zai sake ƙirga su ya kira ni.

A shirinmu na mako mai zuwa za mu buɗe layi a kan wannan. Malaman Tanut, Belbeji, Gure, Damagaram Takaya, Kance, Dungas da Magarya, ku duba rajistarku ku gaya mana yara nawa kuka rubuta a Oktoba, nawa ke zuwa yau. Ba sai kun faɗi sunanku ko na garin ba. Wanda kuma ke da tsoho ko tsohuwa a gida, ya tambaye su sunan da garinsu ya ba yunwar 1973 da ta 1984, da wanda aka cire daga karatu a shekarar.